Taron Zumunci a Accra: Ina Za a Sauka, Ina Za a Zauna?

Sau uku ƙungiyarmu ta zumunci tana ɗora mini nauyin nemo masauki da zauren taro a Accra. Mu kusan sittin ne, yawanci 'ya'yan Zango da neman abinci ya warwatsa. Akwai dattijon da zai taso daga Kumasi da ciwon gwiwa, akwai matashin da zai sauka daga Jamus yana tambayar ƙarfin intanet, akwai Hajiyar da ba za ta kai loma baki ba sai ta san wanda ya yanka naman. Wurin da zai ɗauki waɗannan ukun a lokaci guda, shi nake nema, kuma da shi nake auna kowane otal.

Manyan otal-otal su ne ke fara zuwa bakin mutane. Kempinski da Mövenpick suna tsakiyar gari, Marriott na dab da filin jirgi, Labadi Beach kuma a bakin teku. Wuta ba ta yankewa, lasifika ba ya shaƙewa, ɗaki da zaure duk a gini ɗaya. Idan taron na mutum ashirin ne masu hali, ko wani kamfani ne zai biya, ba ni da ta cewa. Amma a taron zumunci, kuɗin ɗaki ɗaya a irin waɗannan wurare ya isa ya raba jama'a gida biyu: masu kwana a otal, da masu lallaɓawa Nima ko Madina su kwana wurin dangi, su iso washegari an ci rabin zama. Galibi kuma irin waɗannan otal ba sa yarda a shigo da abinci daga waje, kuma a nan ne kuɗi ke zurarewa.

Ni dai zuciyata tana ga matsakaitan otal da gidajen saukar baƙi da ke kewaye da Kanda: Kokomlemle, Roman Ridge, Dzorwulu, da gefen Airport Residential. Dalilina na farko Babban Masallacin Ƙasa ne da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021. Mafi yawan tarukanmu ranar Juma'a suke farawa, kuma babu abin da ke haɗa kan baƙi kamar a yi sallar Juma'a tare, a gaisa a farfajiya, sannan a ɗunguma zuwa zaure. Na biyu, Nima da Mamobi suna nan kusa. Da asuba yaro zai je ya ɗauko koko da ƙosai da zafinsu, da rana mai waakye, wato dafa-dukan shinkafa da wake, ta aiko da tukunya, da dare a kawo tuwon zafi da miyar ayoyo. Wanda ya shekara goma a Turai, wannan tuwon ne ya kawo shi, ba soyayyen dankali ba. Na uku, filin jirgi da tashar bas ta VIP da ke Circle, wato shataletalen Kwame Nkrumah, inda motocin Kumasi ke sauke fasinja, duka ba su da nisa.

Sai dai a wannan rukuni ne ake samun na ƙwarai da na banza a layi ɗaya, kuma hoto ba ya bambanta su. A karonmu na farko na kama wani otal saboda hotunan zaurensa da kuma ladabin manajan a waya. Ranar Asabar da la'asar aka ɗauke wuta. Janareta ya tashi, fitilu suka kama, amma na'urar sanyaya ɗaki ta yi shiru, ashe ƙarfinsa bai kai ya ja ta ba. Zauren ba shi da taga ko ɗaya. Ina kallon wani dattijonmu ya cire hula yana fifita da takardar jadawalin taro, gumi ya jiƙa wuyan babbar rigarsa. Da magariba ta yi, babu famfon alwala, sai kwanon wanke hannu na banɗaki, mata suna ɗaga ƙafa da ƙyar. Wata Hajiya ta jawo ni gefe ta ce, "Ɗana, ko buta ɗaya ba ka tanadar mana ba?" Har yau maganar nan tana yi mini nauyi. Da dare kuma makaɗa suka fara a mashayar da bango ɗaya ya raba mu da ita, a daidai lokacin da Malam ya ɗaga hannu zai rufe da addu'a.

Tun daga ranar ba na biyan ko sisi sai na taka wurin da ƙafata, kuma a irin rana da lokacin da za mu zauna. Ina sa a tayar da janareta a gabana, a kunna na'urorin sanyi duka. Ina buɗe famfo a hawa na sama, in leƙa tankin ruwa, domin ruwan famfo a Accra ba kullum yake zuwa ba. Ina ƙirga matakala. Ina tambayar inda mata za su yi salla ba tare da masu wucewa suna tsallake su ba. Sannan in shiga maganar kicin ba kunya: daga wace mahauta ake sayen nama, kuma ana dafa naman alade a tukwanen nan? Manajan da ya ɓata rai da wannan tambaya ya riga ya ba ni amsa. Lasisin hukumar yawon buɗe ido ta Ghana ma a nemi gani, yawanci yana rataye a wurin karɓar baƙi.

Akwai hanya ta uku da mutanenmu ba su cika tunawa da ita ba, wato masaukan makarantu. Jami'ar Ghana da ke Legon tana da gidan baƙi, GIMPA, cibiyar koyar da harkar mulki da gudanarwa, ita ma tana da ɗakunan kwana da na taro. Wuri ne mai shiru da itatuwa da filin ajiye motoci, ya dace da taron da za a yi karatu ko a tattauna kuɗin ƙungiya. Idan yawancin jama'arku a Madina da Adenta suke, Legon ta fi muku Kanda sauƙi. Sai dai da wuri ake kamawa, kuma lokacin bikin yaye ɗalibai wuri yakan yi wuya.

Wasu za su ce a fita gari, a hau tudun Aburi a sha iska, a zaga lambun itatuwan garin da aka buɗe tun 1890. Yawon wuni ɗaya ne mai daɗi. Taron kwana biyu kuwa, duk wanda ya makara ko ya manta maganinsa ya shiga wahala. Wuraren bakin teku ma ban cika sha'awarsu ga taron da ke da iyaye mata ba, saboda giya da kiɗan ƙarshen mako.

Rumfa da kujerun roba a unguwa, irin ta suna da biki, ita ce mafi arha, kuma babu mai jin baƙunta a ƙarƙashinta. Mu a karo na biyu raba abin muka yi: zaman tattaunawa a zauren otal da safe, walima kuma a ƙofar gidan wani babanmu da yamma, bayan an sanar da mai unguwa. Ya fi kowane tsari yi mana daɗi.

Ranar da aka zaɓa tana iya rushe duk wannan lissafi. Tun bayan shekarar komowa gida ta 2019, da Ghana ta gayyaci baƙaƙen fata na ƙetare su ziyarci ƙasar, watan Disamba a Accra ya zama na baƙi daga ƙetare, ɗakuna su yi tsada, hanyoyi su cushe. Yuni kuma tsakiyar damina ne, kuma duk ɗan Accra yana tuna daren 3 ga Yuni 2015, da ambaliya da gobara suka haɗu a Circle, mutum fiye da 150 suka rasu. Ƙananan otal na Adabraka da kewayen Circle suna da sauƙin kuɗi, amma a damina sai an duba ko ruwa na kwanciya a layin. Haka nan kafin Homowo, bikin gargajiya na ƙabilar Ga 'yan asalin Accra, masarautarsu takan hana kiɗa da hayaniya na kimanin wata guda, wajen Mayu zuwa Yuni. Mu baƙinsu ne tun kakanni, girmama wannan doka wajibi ne, don haka mai niyyar kafa lasifika a waje ya kauce wa lokacin. A duba kalandar Musulunci kuma, kada taro ya faɗa cikin azumi ko lokacin tashin alhazai.

Wajen ciniki, a tambaya ko kuɗin da aka faɗa ya haɗa da haraji, domin bayan VAT akwai na lafiya da na ilimi, da kashi 1 cikin 100 na yawon buɗe ido, kuma idan suka taru a kan ɗaki ashirin ba ƙaramin abu ba ne. A sa a rubuta farashin da sidi, a rubuta awa nawa aka ba ku zauren, da ko kujeru da lasifika suna ciki, da izinin shigo da abinci. Kafin alƙalami kuma, in ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, za a tura, a tabbata sunan otal ne ya fito a waya, ba sunan wani ma'aikaci ba, a kuma karɓi rasit. Kada ma'aji ya kama ɗakuna da yawan waɗanda suka ce "in sha Allahu muna tafe". Ya kama da yawan waɗanda kuɗinsu ya shigo, ya roƙi otal ya riƙe masa uku ko huɗu zuwa mako guda kafin ranar.

Bana wani gidan baƙi mai hawa biyu muka kama, tafiyar 'yan mintuna daga Kanda. Na roƙi ɗakunan ƙasa guda shida domin dattawa, manajan ya yarda a shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin bishiyar mangwaron da ke tsakar gida, ya kuma nuna mini famfon da ke jikin katanga. Butoci goma sha biyu na saya a kasuwar Nima, suna bayan motata tun makon jiya.