Mai shagon da ya hana ni sayen giyar mota a Perth

Yayana da ke Garwa, a Kamaru, ya daɗe yana kuka da Land Cruiser 80 ɗinsa, wadda yake jigilar mutane da kaya da ita zuwa Rai Buba da Tuboro. Bakanikensa ya ce buwat transfer ɗin ta gaji, wato ƙaramin akwatin nan da ke bayan babbar giya, mai raba ƙarfin inji tsakanin ƙafafun gaba da na baya, ya kuma ba da shawara cewa tunda akwai ƙane a Ostireliya, a aiko da irin haƙoran giyar da Turawa ke sawa domin ƙara wa mota ƙarfi. Da wannan saƙo na shiga wani shagon kayan kat-kat, wato motoci masu ja da ƙafa huɗu, a nan Perth, da kuɗina a aljihu, ina zaton ɗauka kawai zan yi in biya.

Mai shagon bai ɗauko mini komai ba. Kujera ya turo mini, ya shiga tambaya: mene ne lambar shasi, motar tana da ABS, na'urar hana taya ƙagewa idan an taka birki, ko babu, wane girman taya ke ƙarƙashinta, wane irin nauyi take ɗauka, kuma a kan wace irin ƙasa take tafiya. Da yake Perth tana gaban Kamaru da awa 7, la'asar ɗinmu safiyarsu ce, sai na kira gida na ce, "Yaya, a yi haƙuri, a taimaka a ɗauko mini hoton farantin da ke cikin bonet da rubutun jikin taya." Mutumin ya jira har hotunan suka iso, ya nemi in kwatanta masa hanyar, na gaya masa jar ƙasa ce da rani, da damina kuwa laka mai kama ƙafa da mayo, wato rafuka, da ake ratsawa ruwa har ƙofa.

Bayan haka ya ɗauki takarda ya yi mini lissafi. Ƙaramar giyar wannan akwati tana rage gudu da 2.488, ma'ana sai abin da ya fito daga babbar giya ya juya kusan sau biyu da rabi kafin farfela ta juya sau ɗaya. Haƙoran da aka aiko ni saye suna kai wannan adadi wajen 3.1, motar ta ƙara rarrafe da kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Masu Hilux ta da ma sukan tashi daga 2.28 zuwa 4.7. Amma duk wannan, in ji shi, an yi shi ne domin masu hawan duwatsu da masu sa manyan tayoyi na inci 35, waɗanda ke son mota ta taka a hankali ba tare da an ƙona kuloci ba, ga shi kuma sai an ɗan goge cikin akwatin kafin haƙoran su zauna. A cikin laka da yashi, abin da ke fitar da mota shi ne taya mai kyau, da rage mata iska, da direban da bai yarda gudu ya mutu ba. Da motar tsaunukan Mandara take hawa kullum, can wajen Mokolo da Rumsiki, da maganar ta canza.

Abin da ya ce in aika shi ne boris da robobin tare mai na sabunta akwatin, da siririn tiyo da za a ja daga kafar numfashinsa zuwa sama kusa da inji, domin ta wannan kafa ruwan mayo ke shiga idan ƙarfe mai zafi ya faɗa cikin ruwan sanyi. Kuɗinsu bai kama ƙafar abin da na zo kashewa ba. Na jima ina kallonsa, ina tuna shagunanmu, inda idan ka ambaci sunan kaya za a ce akwai, kuma na asali ne, ko da mai shagon bai taɓa ganin cikin irin motarka ba.

Dole a faɗi gaskiya game da yadda muke kashe waɗannan motoci da hannunmu. Mafi yawan 80 kullum ƙafa huɗu suke ja, kuma wasu daga cikin na baya-bayan nan suna da wani curi mai ruwa mai kauri a cikin akwatin, wanda ke yin zafi ya ƙage idan tayoyin gaba da na baya ba girmansu ɗaya ba. Mu kuwa sai a sa sababbi biyu a baya, a cika gaba da 'yan gwanjo na wani girman dabam. Idan gaba ya fara ƙas-ƙas a kwana, a maimakon gyara sai a kwance farfelar gaba a jefa bayan gareji, a kulle giyar tsakiya da ke cikin akwatin, a ce an rage shan gazuwal, alhali akwai kayan da aka ƙera musamman domin mayar da motar mai jan baya kawai, tare da makullan ƙafafun gaba da ake murɗawa da hannu. Man akwatin kuwa, wanda ya kamata ya zama man giya mai lamba 75W-90, ba a tuna shi sai ranar da aka kwance, a same shi fari kamar nono saboda ruwa. Masu Hilux da Land Cruiser 79 su ma ba su tsira ba, domin sukan manta mota a ƙafa huɗu su hau kwalta tun daga Garwa har Figil, giya tana ɗaurewa ba su sani ba.

Kada a ɗauka nan aljanna ce. Kuɗin aikin bakanike ya haura dala 100 ta Ostireliya a awa ɗaya, kuma ba ka isa ka tura mota gareji kai tsaye ba, sai an ba ka rana, wani lokaci bayan makonni. Gyara ma ba su cika yi ba, canji ne. Duk ranar da na biya irin wannan kuɗi, sai in tuna makanikanmu a gindin dalbejiya, waɗanda za su sauke akwatin nan da hantsi, su wanke haƙoransa ɗaya bayan ɗaya a cikin tasa, yaran gareji suna miƙa sufana, kafin magariba mota ta tashi. Hannu dai muna da shi, har ya fi nasu. Kayan suna hanya, Yaya, kuma na haɗa da takardar lissafin domin a nuna wa bakanike. Ina roƙo kafin a ɗaura su a daidaita tayoyin nan huɗu, a kuma nemo farfelar gaba a mayar da ita.