Proton VPN na kyauta: abin da yake ɓoye wa kamfanin intanet da abin da ya fi ƙarfinsa

Duk mai amfani da intanet a Abuja, ko ta layin waya ne ko ta na'urar MiFi irin wadda ake saye a Banex Plaza da ke Wuse 2, duk shafin da ya buɗe sai ya ratsa ta hannun kamfanin da ke sayar masa da data. Galibin shafukan yau a kulle suke, don haka kamfanin ba ya iya karanta saƙon da mutum ya rubuta, amma yana ganin sunan shafin, da lokacin da aka shiga, da yawan datar da aka ci, da kuma unguwar da wayar take ta hanyar turakun sadarwa. Matsayinsa tamkar na ɗan aike ne da ba ya buɗe wasiƙa amma ya san kowane gida da aka aike shi. Tun da gwamnati ta wajabta haɗa layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN a watan Disambar 2020, wannan bayanin yana rataye ne da cikakken sunan mai layin, kuma dokar laifukan intanet ta 2015 ta umarci kamfanoni su adana bayanan zirga-zirgar masu hulɗa da su na shekara biyu.

Fargabar cewa za a iya mayar da irin wannan bayani hajar talla tana da tushe. A shekarar 2016 hukumar sadarwa ta Amurka ta ci kamfanin Verizon tarar dala miliyan 1.35 saboda wata ɓoyayyiyar alama da yake liƙa wa zirga-zirgar abokan cinikinsa domin masu talla su riƙa gane su, sannan a 2017 majalisar dokokin ƙasar ta soke ƙa'idojin da za su tilasta wa kamfanoni neman izinin mutum kafin su sayar da tarihin shafukan da ya ziyarta. A nan gida, sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, kuma dokar kare bayanai da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC, ta kuma ba kowa damar ƙin amincewa a yi amfani da bayanansa wajen yi masa talla kai tsaye. Sai dai doka tana aiki ne bayan mutum ya gano an yi masa ba daidai ba ya kai ƙorafi, shi ya sa wasu ke neman abin da zai toshe ƙofar tun farko.

Manhajar Proton VPN tana cikin irin waɗannan abubuwa. Kamfanin Proton, wanda wasu masana kimiyya da suka haɗu a cibiyar bincike ta CERN suka kafa a 2014, yana da mazauni a Jeneba ta ƙasar Suwizalan, kuma ya fito da manhajar a 2017. Mazauna Abuja da dama sun fara jin kalmar VPN ne a watan Yunin 2021 lokacin da aka dakatar da Twitter, suka sauke duk wadda ta zo hannu, suka kuma watsar da ita da aka ɗage takunkumin a Janairun 2022. Aikin da ya fi dacewa da ita shi ne wanda ba a kula da shi ba a lokacin: tana kulle duk abin da ke fita daga waya ta aika shi zuwa na'urar Proton da ke wata ƙasa, ta yadda kamfanin data ba zai ga shafukan da aka buɗe ba, sai dai ya ga wayar tana magana da wuri ɗaya tak.

Ta wannan fuskar tsarin kyauta ya cika alkawarinsa, kuma na yaba da shi. Ba shi da iyakar data, ba ya cusa wa mai amfani da shi talla, ba ya neman katin banki kafin a buɗe asusu, kuma yana da makunnin da ke yanke intanet gaba ɗaya idan haɗin ya katse, don kada wayar ta koma tsohuwar hanya mai ita bai sani ba. Tun 2020 kamfanin Proton ya buɗe lambobin da aka gina manhajar da su domin kowane masani ya duba, kuma yana gayyato masu bincike daga waje su tantance iƙirarinsa na cewa ba ya ajiye tarihin abin da mutane suka buɗe. Wannan batu ne babba, domin wanda ya kunna VPN ya ɗauke amana ne daga hannun kamfanin data ya damƙa ta ga mai manhajar. Misalin Onavo, wata manhajar VPN, ya isa darasi: Facebook ya mallake ta, an tallata ta a matsayin kariya alhali tana tattara bayanan yadda mutane ke amfani da wayoyinsu, har aka cire ta daga rumbun Apple a 2018 aka kuma rufe ta a 2019.

Iyakokin tsarin kyauta a bayyane suke. Na'ura ɗaya kawai yake ɗauka a lokaci guda, manhajar ce ke zaɓar ƙasar da za a haɗa mutum da ita daga cikin irin su Holan da Amurka da Japan, kuma sashen da ke toshe tallace-tallace, mai suna NetShield, na masu biyan kuɗi ne. Nisan waɗannan ƙasashe yana ƙara ɗan jinkiri, wanda mai karanta labarai ba zai damu da shi ba amma mai kiran bidiyo daga Kubwa ko Nyanya da maraice, lokacin da sabis ya riga ya yi nauyi, zai iya jin sa. Akwai kuma abin da ya shafi aljihu kai tsaye: datar nan mai rahusa da ake sayarwa don WhatsApp ko Facebook kaɗai tana aiki ne saboda kamfani yana ganin inda aka nufa, to idan VPN ta rufe masa ido, daga babbar datar mutum za a riƙa cira, ko kuma haɗin ya ƙi tafiya. Manhajojin banki ma kan yi tsaurin kai idan suka ga mai asusu ya ɓullo daga Turai, don haka ya fi kyau a kashe VPN ɗin kafin a tura kuɗi.

Babban abin da nake son mai karatu ya sani shi ne manhajar ba za ta hana talla bin sa ba. Idan mutum ya nemi farashin gidan haya a Gwarimpa ko injin sola a Google, sannan ya tarar da tallan dillalai a Facebook da YouTube, mafi yawan lokaci bayanin ya fito ne daga asusun da ya shiga da sunansa, da ƙananan alamomin da shafuka ke ajiyewa a burauza (manhajar buɗe shafukan intanet), da lambar talla da ke cikin wayar Android, kuma duk waɗannan suna tafiya tare da shi ta cikin VPN ba tare da wani shamaki ba. Maganinsu yana cikin saitin waya, inda ake goge lambar tallan, da saitin asusun Google da Facebook, da kuma burauza irin su Firefox ko Brave da ke toshe masu bin sawu. Tallan da ke shigowa ta saƙon tes kuwa, lambar 2442 da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta tanada ita ce hanyar dakatar da shi.

Ina ba da shawarar Proton VPN na kyauta ga ɗan jarida, da lauya, da ma'aikacin da ke amfani da Wi-Fi na otal ko na ofis, da duk wanda ke binciken rashin lafiya ko bashi kuma ba ya son a haɗa shafukan da ya buɗe da lambarsa ta NIN. Wanda damuwarsa yawan talla ce kawai, gara ya fara da gyara saitin wayarsa kafin ya sauke ta.