Gidan karnukan bayan Samaru: na je nema wa border collie ɗina abokiyar zama

Masu tambayata ina na samo jar karyar nan da suke gani tare da karena Jirgi a gona, to ga bayanin wurin da daɗinsa da rashin daɗinsa. Gidan kiwon karnuka ne can bayan Samaru in ka ɗauki hanyar Shika, ba allo ba komai, sai dai a yi maka kwatance ko haushi ya kai ka. Mai wurin yana sayar da 'yan kwikwiyo, yana karɓar ajiyar kare in mutum zai yi tafiya, sannan akwai wani aiki da yake yi wanda ni dai ban taɓa jin mai yinsa a Zariya ba, wato ka kawo karenka ya dube shi ya zaɓa masa wanda za su iya zama tare. Wannan na ƙarshen ne ya kai ni.

Jirgi border collie ne, namiji, baƙi mai farin wuya, a hannun wani malamin jami'a da ya yi ritaya zai koma garinsu na same shi. Asalin irinsu daga iyakar Sukotlan da Ingila ne, don kiwon tumaki a kan tuddai aka samar da su, ba gadi ba kuma ba kwalliyar gida ba. Kusan duk na yanzu jininsu yana komawa ga wani kare mai suna Old Hemp da aka haifa a 1893, kuma tun 1906 suke da ƙungiyar masu gasar kora tumaki da karnuka a can. Wata karya irinsu a Amurka, Chaser, sai da ta haddace sunayen kayan wasa sama da 1000. Jikin ba wani girma, kilo 14 zuwa 20 ne yawanci, amma akwai kai akwai ƙafa, in ba ka ba shi aiki ba shi zai nema wa kansa kuma wallahi wanda zai nemo ba zai yi maka daɗi ba. Nawa yana da tumaki 'yankasa da yake fitarwa da safe ya dawo da su da yamma, to amma daga hantsi zuwa la'asar ba kowa sai mai gadi, nan ne yake haƙa rami a gindin mangwaro, ya tara kaji a lungu ya kafe su da ido ko motsi ba sa yi, babur ya wuce ya bi.

Na kira mutumin na ce ya turo min hotunan abin da yake da su ta WhatsApp, ya ce a'a, ni zan fara turo bidiyon nawa. Da na je kuma tambayoyi ya dinga jero min kamar mai binciken aure, shekarunsa nawa, an dandaƙe shi ko ba a yi ba, ya taɓa faɗa da wani kare, in yana cin abinci aka matso yana gurnani, wa ke kwana a gonar, akwai yara. Ni da niyyar boerboel, ƙaton karen gadin nan, na je, don na ce jifa ɗaya in samu mai gadi in samu abokin wasa. Ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, in kuɗinka nake so ai da tuni na ɗora maka wancan ƙaton a bayan mota, amma wata uku ba za a yi ba ka dawo kana zagina."

Dalilinsa ya shige ni. Border collie da ido yake aiki, ya sunkuyar da kai ya zuba wa dabba ido har ta juya, wani lokacin ya ɗan ciji dunduniya. A wurin tunkiya wannan umarni ne, a wurin namijin boerboel kuwa, wanda yakan haura kilo 60, neman faɗa ne tsagwaronsa, kuma kama ɗaya ya isa. Haka ya ce game da kokeshiyan, shi ma wani ƙaton karen gadi, ga shi kuma gashinsu na ƙasar sanyi ne, zafin Maris da Afrilu na Zariya wahala kawai suke sha. Ƙananan masu gashin nan irin su lhasa ya ce Jirgi tunkiya zai mayar da su ya yini yana kora. Alseshan ya ce za ta iya in mace ce, sai dai nasa duka 'yan wata biyu ne, ɗan kwikwiyo kuma ba abokin gudu ba ne, reno ne, sai ka shekara kana jira. Na ce to Malam wani border collie ɗin fa? Ya yi dariya ya ce ko ya samo min, wanda da wuya a nan, marasa aikin yi biyu zan tara.

Ƙarshe can baya ya kai ni ya nuna min karyar gida, ja, siririya mai dogayen ƙafafu, jinin karnukan farauta, ta ɗan haura shekara. Ita ce mafi arha a duk gidan, kuɗinta ko kusa da na ɗan boerboel bai je ba. Ya ce tana da gudun da za ta gajiyar da shi, gashinta gajere ne zafi bai dame ta ba, mace ce don haka ba rigimar waye babba irin ta maza biyu, kuma ko ya kafe ta da ido ita ko a jikinta. Guguwa na sa mata.

Yadda ya haɗa su shi ne abin da na biya kuɗi ban ji ciwo ba. Bai yarda a yi a gidansa ba, bai yarda a yi a gonata ba, ya ce kowane kare a inda ya saba jin kansa yake mai gida. Wani fili muka samu, ni riƙe da igiyar Jirgi yaronsa riƙe da ta Guguwa, muka dinga tafiya gefe da gefe da tazara a tsakani, a hankali ana matsowa, shi yana baya yana kallon wutsiya da kunne da gashin ƙeya, sai da ya ga jikinsu ya saki sannan ya ce a bari su shinshini juna, kaɗan a raba, a sake. Bayan nan ya ba ni ita gwajin sati ɗaya, na ajiye rabin kuɗi, in ba su daidaita ba in dawo da ita. Kuma ya ja min kunne a kan abu ɗaya da har yanzu nake bi, kar in sake ta kusa da tumaki ba igiya. Ya ce dukansu bin dabba suke amma bin ba ɗaya ba ne, Jirgi yana zagayawa ne ya tattaro ya kawo maka, ita kuwa jinin farauta in ta bi kamawa za ta yi, in kuma suka haɗu suka bi tare shi ma zai iya lalacewa ya koyi nata. Don haka lokacin fitar da tumaki tana ɗaure. Kwanon abinci kowa nasa, nesa da juna, ƙashi kuma ba a jefa guda ɗaya a tsakaninsu.

Masu shirin yi min wa'azi, a gona suke ba a ɗaki ba, kuma hadisin da ya yi magana a kan ajiye kare ya keɓe na kiwo da na farauta da na gona.

Ta wajen lafiya ya ba ni katinta da takardar jikin kwalbar allura a manne, ta haukan kare wadda ake farawa daga wata 3 a kuma sabunta duk shekara, da haɗaɗɗiyar nan mai kare su daga fabo, ciwon gudawar jinin da ke kashe 'yan kwikwiyo, wadda ake farawa tun sati 6 zuwa 8 a maimaita har wajen sati 16. Shi da kansa ya ce kar in tsaya a katinsa, in kai ta asibitin koyarwa na dabbobi na ABU a duba jininta saboda cutar kaska kafin ta kwana da nawa, na kuwa kai. Maganar aikin hana haihuwa ma can ya tura ni, don in lokacin barbararta ya zo karnukan ƙauyen kaf a bakin shingenka za su kwana.

Yanzu abin da bai yi min ba. Yaransa ba su kai shi sani ba ko kaɗan. Ɗaya ya zaro sirinji zai yi wa Jirgi ibamektin ta shanu wai kyauta ce ta maganin kaska, da ƙiyasi kawai ba awo, sai da na riƙe hannunsa. Dangin collie akwai masu wata matsala ta gado da ake kira MDR1, maganin yakan wuce zuwa ƙwaƙwalwa ya sa rawar jiki da makanta har mutuwa in ya yi yawa, ta fi yawa a collie mai dogon gashi da ostireliyan shefad, a border collie ba ta cika yawa ba, amma ba abin da za a gwada sa'a da shi ba ne. Ogan ya yi masa faɗa da ya ji, to amma da ba na tsaye fa? Sannan kejin ajiya rufin kwano ne a ƙasa-ƙasa, da bazara ba zan bar kare mai kaurin gashi irin Jirgi a ciki ba ko na yini ɗaya. Layin baya yana wari, waya sai ka kira ka gaji, in ya ce ƙarfe goma ka ɗauka bayan azahar, rasit sai ka nace. Na waje da yake sayarwa ba su da takardar asali, bai dai ɓoye ba in ka tambaya.

A gona kuwa haƙan rami ya ragu sosai, kaji sun samu lafiya, da yamma in rana ta yi sanyi su biyun sai sun zagaye shingen suna tsere har su zube. Bin babur dai yana nan, kuma ranar da ba a fitar da tumaki ba Jirgi yana nan da fitinarsa ko Guguwa na kusa ko ba ta kusa, abin da mutumin ya faɗa min tun farko, cewa karya ba za ta maye masa gurbin aiki ba. Kuɗin abinci ya ninka, garin masara da kan kifi da ƙafar kaji yanzu buhu-buhu ne.

Wanda zai je ya je da sassafe kafin rana ta buɗe, ya tafi da katin allurar karensa da igiyarsa mai ƙwari don nasu duk ɗaure-ɗaure ne, ya kuma sa a rubuta sharaɗin gwajin sati ɗayan a takarda kafin ya tura kuɗi. Da damina kar ka shiga da ƙaramar mota, ajiye ta bakin titi ka ƙarasa da ƙafa.