Akuya ko tunkiya? Bakinsu za ka duba

Malam, kan tambayarka ta akuya ko tunkiya a 'yar gonar nan taka ta bayan garin Daura: ɗauki akuya. Jar akuya biyu, mata, waɗanda suka yi haihuwa ɗaya.

Tunkiya kanta a ƙasa yake, ciyawa take bi, ranar da ciyawa ta ƙare kuwa aljihunka za ta koma. Akuya sama take duba. Sake ta a gindin gawo a tsakiyar rani ka sha kallo: za ta miƙe kan ƙafafun baya, ta dafa kututture, ta riƙa zare ganye daga tsakanin ƙayoyi da leɓenta, in iska ta kaɗo 'ya'yan gawo kuma ta riga kowa tsince su. Shi gawo da damina yake zubar da ganye, ya yi kore shar da rani, daidai lokacin da ƙasa ta bushe ƙayau. Ga aduwa, ga magarya, duk abincinta ne.

Masu cewa akuya ba ta da zaɓi ba su lura da ita ba. Ɗanɗanawa take yi, shi ya sa za ka ga tana jan gefen riga ko takarda, amma harawar da ta taka ko fitsari ya taɓa ta gama da ita ke nan, ko da yunwa za ta kwana. Saboda haka kada ka zube mata a ƙasa. Ɗaure damin harawar wake ko ta gyaɗa ka rataye daidai tsayin kanta, kwanon dusa kuma ka ɗora shi kan bulo. Ruwa ma sai mai tsabta, a canza kullum. Akuya mai nauyin kilo 25 harawa kamar kilo 1 ta ishe ta a yini, da dusa giram 200 zuwa 300 a raba safe da yamma, ruwa lita 2 zuwa 4, ya fi haka da bazara. Auna dusar sau ɗaya a sikeli ka yi wa kwanon alama.

Abin da ke kashe su ba yunwa ba ce yawanci. Na farko leda: wadda aka ƙulla ƙosai ko gishiri a ciki ƙamshin ke jan dabba ta haɗiye, ba ta narkewa, sai ta dunƙule a tumbi. Ciki ya yi girma, jiki na ramewa, kashi ya ragu, a ƙarshe sai likitan dabbobi ya yi aiki ko a yanka. Ajiye gishirin lasa a garke yana rage wannan kwaɗayin. Na biyu hatsi: in ta faɗa buhun gero ko abincin kaji ta ci ta ƙoshi, tumbi ya yi tsami, gudawa ta biyo, kwana ɗaya ko biyu na iya gamawa da ita. Na uku sabuwar ciyawar farkon damina da tohon dawa, su ke kawo kumburin ciki ta gefen hagu. Ba ta busasshiyar harawa tukuna kafin ka sake ta, kuma ka jira raɓa ta bushe. Ɓawon rogo sai an shanya shi ya bushe sarai.

Laifinta ɗaya babba: in ka dasa mangwaro ko gwaiba, kewaye kowane dashe da waya, don in ta ɓare ɓawon ta zagaye kututturen, itacen ya mutu.

Tunkiya ba ta haura katanga, ragon layya kuma yana kuɗi, iyakarta ke nan. In ka nace, kada ka cika wa rago dusa, tana ɗaure masa fitsari, kuma kada ka ba tumaki gishirin lasa na shanu, jan ƙarfen da ke ciki yana taruwa a hantarsu.

Sai batun saye. Ko Mai'adua za ka je ko Charanchi, ka sani akwai masu ɗura wa dabba ruwan kanwa ko gishiri ta sha ruwa ciki ya cika, ka ɗauka ƙiba ce. Kada ka kalli ciki, shafa ƙashin baya da ƙugu, nan nama yake. Buɗe baki ka ƙirga manyan haƙoran ƙasa na gaba: biyu, shekara ɗaya da 'yan watanni ke nan, huɗu wajen shekara biyu, in sun cinye ko sun fara zubewa tsohuwa ce komai rantsuwar dillali. Ja fatar ido ta ƙasa, in fari fat ne jini ya yi ƙaranci, galibi tsutsar ciki ce. Mai majina ko kashi a wutsiya bar ta nan. Ka riƙa harawa a hannu ka miƙa mata, lafiyayyar akuya ba ta jira a roƙe ta. In kun iso gida ware su mako biyu zuwa uku, a ba su maganin tsutsa da allurar rigakafi kafin su haɗu da na maƙwabta.