Na kai kayan Inna an zana mini su a Jos

Bayan rasuwar Inna aka raba kayan ɗakinta. Abin da ya faɗo rabona bai taka kara ya karya ba a idon mutane: ƙwaryar fura mai ɗinki a gefe, ludayi, faifai, kwanon sha mai fenti da bakinsa ya ɓantare, sai fitilar ƙwai. Shekara biyu suna cikin akwati a gidanmu da ke Unguwar Rogo. Ba na iya amfani da su, ba na kuma iya kyautar da su.

Ƙanena ne ya ba ni labarin wani mai zane da ke da ɗakin aiki a hanyar Rayfield, wanda ba ya zana mutum ko dabba, sai abubuwa marasa rai: tukwane, kwanuka, kayan marmari. Wannan ya kwantar mini da hankali tun farko, domin a gidanmu ba a rataya hoton mai rai a bango, kuma na san gidaje da yawa haka suke. Ƙwarya da faifai kuwa ba wanda zai yi magana.

Ɗakin ƙarami ne, yana warin fenti da man da ake sirka shi. Taga ɗaya kawai yake buɗewa, wadda ta kalli arewa, sauran ya rufe su da baƙin ƙyalle. Na tambayi dalili, ya ce hasken da ke shigowa ta nan bai cika sauyawa ba daga safe zuwa la'asar, don haka inuwar ƙwarya ba za ta yi ta yawo ba yana tsakiyar aiki. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya karanci zane, garin da ɗalibai irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958. Ya ɗauko wani littafi ya nuna mini ayyukan Chardin, Bafaranshen da ya rayu daga 1699 zuwa 1779, wanda ya yi suna da zanen tukwanen tagulla da kayan madafa. Da na ga tukunyar wani mutum ta kai shekara fiye da 250 ana kallonta, sai na daina jin nauyin kawo tsohuwar ƙwarya.

Ranar farko ko buroshi bai taɓa ba. Awa biyu muka yi yana jera kayan a kan tebur, yana matsar da ludayi nan da can, yana ja baya yana kallo. Ya so ya juya ɗinkin ƙwaryar baya. Na ce, "Malam, ɗinkin nan shi ne abin da na zo dominsa. Da hannunta ta yi shi." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Hajiya, ki gafarce ni," ya juyo da shi gaba, wajen haske. Shawararsa ce a ƙara goro uku a kan faifan, da na gaya masa Inna ba ta rabuwa da goro. Sau huɗu aka sake sayen goron kafin aiki ya ƙare, domin yana bushewa ya canja launi.

Daga nan ne na ga inda kuɗina suke tafiya. Da gawayi ya fara fitar da siffa a kan ƙyallen zanen, sannan ya shafa launin ƙasa siriri, ya ware haske da duhu, ba ja ba shuɗi. Sai bayan wannan ya sha iska ya fara ɗora launuka, shafi kan shafi, na ƙasa da ɗan mai kaɗan, na sama da mai fiye da haka, don kada zanen ya tsattsage idan ya tsufa. Fentin mai ba ya bushewa kamar na bango; a hankali yake taurara, kowane shafi sai ya ɗauki kwanaki. Duk wanda ke son kyautar biki cikin mako biyu, kada ma ya je.

Amma akwai inda ya ɓata mini rai, kuma dole in faɗa. Mun yi da shi wata biyu, aiki ya kai wata huɗu da rabi. Hunturu ya shigo, ƙura ta sauka a kan ɗanyen fenti wata rana da ya bar taga a buɗe, sai da ya kankare gefen fitilar ya sake. Wannan tsautsayi ne, na yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne shirun da ya yi: mako uku ina kira ba ya ɗauka, alhali na biya rabin kuɗi, kayan mahaifiyata kuma suna hannunsa. Kuɗin firam ma ba ya cikin cinikinmu, sai a ƙarshe na ji. Ku tambayi wannan tun ranar farko, ku kuma rubuta ranar karɓa a takarda.

Ranar da na je karɓa, na daɗe a tsaye ban ce komai ba. Hoto na waya zai nuna ƙwaryar, amma zanen ya nuna inda hannun Inna ya goge ta har ta yi santsi, da baƙin hayaƙi a wuyan ƙwan fitilar, da tsatsar da ta ci bakin kwano daidai wurin da muke kafa baki muna yara. Zaren ɗinkin nan, ɗaya bayan ɗaya ya bi shi. Gwaggo da ta gani ta kai hannu za ta ɗauki goro, sai ta fashe da kuka.

Daga baya ya roƙi aron zanen don baje koli da ya yi a wani gidan zane a Wuse 2, Abuja. Na je. Ayyukansa ne jere a farin bango: tumatir da attarugu na kasuwar Farin Gada, buta, kwandon dankalin turawa, da wata tukunyar ƙasa da ta tuna mini da Ladi Kwali, mai ginin tukwane ta jikin naira 20. A ganina ba duka suka kai nawa ba. Biyu ko uku ya yi musu ƙyalli fiye da kima, kamar na talla. Inda abin ya tsufa ko ya ji jiki, nan hannunsa ya fi faɗawa. Wani mutum ya taya na Inna, aka nuna masa ɗan rubutun da ke ƙasa cewa ba na sayarwa ba ne.

Yanzu yana falo, a bangon da rana ba ta dukansa, kamar yadda ya ce. Ya hana a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. Saura in mayar masa da shi idan ya cika wata shida, ya shafa masa man kariya na ƙarshe. A wannan karon na ce masa zan zauna a ɗakin har ya gama.