Farantin haɗin salansa mai kauri: ya toshe yoyon, amma sai da mai walda

Matatar hayaƙin da na sa wa motata ba ta kamfani ba ce, kuma farantin da ke haɗa ta da bututun salansa siriri ne, bai wuce milimita 6 ba. Zafi ya lanƙwasa shi, gasket, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin haɗin, ya daina zama daidai. Da safe in na tayar da mota sai ka ji tsit-tsit daga ƙasa, ga baƙin hayaƙi ya zagaye bakin haɗin.

Na canza zuwa faranti mai milimita 10, na ƙarfen da ba ya tsatsa. Fuskarsa sumul, ka ɗaure noti iya ƙarfinka ba ya ko gezau. Ƙarar ta ɗauke. Wannan ba don kunne kawai ba ne: yoyo kafin sensar oksijin, wato na'urar da ke auna iskar oksijin a cikin hayaƙi, kan zuƙo iska daga waje, kwamfutar mota ta ɗauka mai ya yi kaɗan, ta ƙara zubawa.

Inda na ga gazawar masu sayar da farantin, ba su haɗo da dogayen kusoshi ba, tsofaffin kuwa sun yi gajarta. Mai waldar ma sai wanda ya san hannunsa. Mai waldata ya ɗaure farantan haɗin biyu tare kafin ya kunna wuta, yana ɗigawa gefe-gefe don kada zafi ya karkatar da su. Bayan injin ya yi zafi ya huce, a sake matse notocin.