Shayi da ƙarfe biyun dare

Yaya, kin ce in ba ki labarin aikin asibitin nan na Ingila ƙeƙe-da-ƙeƙe, ban da hotunan dusar ƙanƙara. To ga shi, amma ki yi haƙuri da tsawonsa, yau na sauka daga dutin dare kuma barci ya ƙi zuwa.

Satina na biyu a sashen masu taɓin hankali na maza, wajen ƙarfe biyun dare, wani ƙaton mutum ya fito yana dukan ƙofa yana ihu wai ana kiran sunansa ta cikin bango. Kin san abin da hannuna ya saba da shi a asibitin da na baro: a kira maza huɗu su danne, a zuƙo allurar Largactil mai kwantar da mutum, a tsira masa, kowa ya huta. Har na juya zan nemo mutane, sai babbar nas ɗinmu ta girgiza mini kai. Ta jawo kujera ta zauna a gefensa, ba gaba da gaba ba, ta bar tazarar taku uku, ta bar masa hanyar fita a buɗe. Ba ta ce masa ya yi shiru ba. Cewa ta yi: "Ni ban ji muryar ba, amma na ga ta tsorata ka. Me take ce maka?" Daga nan ta ja bakinta. Shirun ya yi tsawon da ni na fara jin nauyi. Can sai ya fara magana. Aka aike ni in haɗo shayi da gasasshen burodi. Kafin asuba ya karɓi ƙwayarsa da hannunsa ya koma ɗaki.

Allura tana nan, kuma akan riƙe mutum idan abu ya ƙazanta, kada ki ɗauka mala'iku ne. Sai dai duk wanda aka riƙe, sai an cike takarda: wa ya riƙe wace gaɓa, minti nawa, me aka gwada kafin nan. Wannan takardar kaɗai ta isa ta sa ma'aikaci ya fara gwada bakinsa tukuna.

A nan magana aiki ce da ake biyan mutum albashi a kanta. Kowane majinyaci yana da nas ɗin da aka ɗora wa alhakinsa, za ta keɓe lokaci su zauna su biyu, ta rubuta abin da ya fito a fayil. A horon da suka ba mu sun yi ta ambaton wata nas Ba'amurkiya, Hildegard Peplau, wadda tun 1952 ta rubuta cewa alaƙar nas da majinyaci ita kanta magani ce. Ni abin da ya fi ba ni wuya shi ne sauya tambaya. Mu idan muka ce "Ya jiki?" amsa ɗaya ce, "Da sauƙi," ko da rai na hannun Allah. Sai da na koyi cewa "Yaya daren jiya ya kasance maka?" in kuma haɗiye "Yi haƙuri" da "Sai addu'a" har sai mutum ya gama amayar da abin da ke cikinsa. Kuma ana tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Ranar farko bakina ya kasa furtawa. Yanzu na gane sau da yawa ajiyar zuciya suke yi, kamar dama jira suke wani ya tambaya.

Kayan aiki kuwa ba a magana. Ɗaki mutum ɗaya, ƙarfen labule yana faɗowa da kansa idan aka rataya masa nauyi, madubi ba na gilashi ba ne. Wanda ke kwance ba ya biyan ko sisi, gado da abinci da magani duk na hukumar lafiya ta NHS ne, har da abincin halal. A waje, takardar magani fam 9.90 ce kowane kala, wasu ma an ɗauke musu. Na kan tuna matan da muke rubuta wa magani su tafi kemis su sayo na kwana biyar, saura sai an sayar da akuya, ciwo ya dawo, a ce ai sammu ne, a koma gidan mari. Ga kuɗin mota daga ƙauye zuwa asibitin Kware ko Barnawa ko Dawanau. Dokarsu ta 1983 kan tsare mai taɓin hankali a asibiti ba da son ransa ba ta ƙayyade kwana 28 don bincike, wata shida don magani, kuma majinyaci na iya ɗaukaka ƙara da lauya kyauta. Mu a Najeriya sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar doka, bayan mun sha fama da ta 1958.

Amma Yaya, ranar ziyara takan sa ni ƙwalla. Akwai dattijon da ya yi wata uku ba wanda ya leƙo shi. Ba mai kawo kunu a filas, ba uwa a kan tabarma a bakin ƙofa. Wanki mu, hira mu, aski ma mu ne za mu nemo. Wanda ciwonsa bai kai na kwanciya ba kuwa yana iya yin watanni a layi kafin ya ga mai ba da shawara. Na ba abokan aikina labarin Farfesa Lambo, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Najeriya, da ya sauke marasa lafiya a gidajen ƙauyen Aro da ke Abeokuta tun 1954, kowa da ɗan'uwansa a gefe, suka yi ta mamaki.

Wani abin kuma, baƙar fata sun fi turawa shiga hannun dokar nan fiye da ninki uku. Na ga an rubuta wa wani yaro ɗan Afirka "ba ya haɗa ido" a matsayin alamar ciwo. Na ce musu wannan tarbiyya ce, likitar sa'ar uwarsa ce. Suka gyara.

Batun yaron maƙwabtan nan da ya daina fita, ki ce wa mahaifiyarsa kada a tara masa jama'a. Mutum ɗaya da ya yarda da shi ya zauna a gefensa, kada a yi gardama da shi kan abin da yake ji, a ci gaba da addu'a amma a kai shi asibiti cikin satin nan. Saƙon da za ki ba mai zuwa kuma, kuka da daddawa da yaji sun isa. Kada ki sa kilishi, a filin jirgi za su ƙwace.